Ɗan daudu a dandamali: yadda ta kaya a zaurenmu

Mukhtar Zariya: Salamu alaikum. Raina a ɓace yake. Mun gama atisayen wasan yaye ɗalibai, sai jiya shugaban makaranta ya ce a cire ɗan daudun da ke sayar da tuwo a tasha. Shi ne gishirin wasan: zane a ƙirji, ludayi a hannu, yana tafa hannu yana "ahayye, ke 'yar nan!" Waɗanda suka sha dariya lokacin da marigayi Ibro ke karairaya a fim, su ne yau ke a'uzubillahi. A tafa masa a dandamali, yara su bi shi da ihu a unguwa. Munafunci ne, daudu abu ne da ya daɗe a al'adarmu.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Al'adar wa? Ka dai ce al'adarku ta Zage-zagi.

Mukhtar Zariya: Bakano ne zai faɗa min haka? Malam, je ka Sabon Gari ka dawo.

Malam Habibu: Sabon Gari unguwar baƙi ce. Al'adar Bahaushe Musulunci ce, kuma an la'anci namijin da ke kamanta kansa da mace. Magana ta ƙare.

Hajiya Binta: Malam, a yi dai gaskiya. Wa ke soya kaji a bikin manya da can? Ni da idona na ga an ɗauko su da tukwanensu bikin yayata, har mata suna rububin koyon yajinsu. Ba mu so, amma ba jiya suka faɗo daga sama ba.

Malam Habibu: Hajiya, daɗewa ba ta mai da abu al'ada. Sata ma ta daɗe.

Issoufou Maraɗi: Al'ada ita ce abin da aka gada. Daudu da bori tare suka taho, nan wajenmu kowa ya san haka.

Auwal: To ku riƙe borinku can. Nan tun 2014 Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, ɗaurin shekara 14 ne.

Hajiya Binta: Auwal, wa ya kawo maganar aure? Daudu daban, waccan magana daban. Da yawansu da matansu da 'ya'yansu.

Auwal: Duk kanwar ja ce, Hajiya. Ai shi ya sa hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna daudu da daba a fim a 2024.

Issoufou Maraɗi: Hukumar da aka kafa a 2001 ita za ta yanke mana mene ne al'ada? Kakata ta girme ta.

Salisu: Ni abin da ya ɓata min rai, a daina sako Ibro. Bawan Allah ya rasu tun 2014, abincinsa ya nema. Allah Ya jiƙansa.

Mukhtar Zariya: Amin. Ai yabonsa na yi.

Salisu: Yabo ne ka ce yana karairaya?

Auwal: Salisu, kai da ba ka biya kuɗin zumunci ba, har ka samu bakin magana?

Salisu: Ka tambayi ma'aji kafin ka ci min mutunci a gaban mutane!

Alhaji Tijjani, shugaban zaure: Ya isa haka. Na karanta komai. A taƙaice, jama'a sun haɗu a kan cewa daudu ba al'adarmu ba ce, kamar yadda Malam Habibu ya yi bayani da hujja. Hajiya ta ba da labarin girki, mun gode. Ɗan'uwanmu na Maraɗi ya yi maganar ƙasarsu. Mukhtar, ka bi umarnin shugabanka, ka mai da shi mai shayi. Salisu da Auwal ku same ni bayan isha'i, da rasit.