Taƙaitawar muhawara kan matsalolin fiziks da suka gagari masana

1. Matsalar Yang-Mills (ka'idar lissafi ta ƙarfin da ke aiki tsakanin ƙananan ƙwayoyin halitta), wadda Cibiyar Lissafi ta Clay ta sa wa ladan dala miliyan 1 a 2000: kusan kowa ya ce a fara da sarari mai fuska biyu kafin huɗu. Lissafin kwamfuta a kan raga (sararin da aka rarraba zuwa ɗigo-ɗigo masu tazara) yana nuna giɓin nauyin da ake son tabbatarwa, wato ƙwayar da ta fi kowace rashin nauyi ma tana da nauyi sama da sifili, amma wannan ba hujja ba ce. Wuyar tana wajen matse tazarar ragar zuwa sifili.

2. Navier-Stokes (lissafin yadda ruwa da iska ke gudana): raga mai manyan idanu kan nuna fashewar bogi, wato lissafin ya nuna kamar gudu na hauhawa ba iyaka, a ƙara matse ta a sake gwadawa.

3. Saurin faɗaɗar sararin samaniya ne ya raba kawuna. Tauraron ɗan Adam na Planck ya ba da kusan 67, awon supanoba (fashewar taurari) kuma kusan 73, duka a ma'aunin kilomita a daƙiƙa ga kowane megaparsec (ma'aunin nisa a sararin samaniya). Wasu sun ce kuskuren awon nisa ne, wasu sun ce ka'idar ce ke bukatar gyara.