Neman shawara: jarumin labarina ɗan dako ne a Mile 12, na rasa yadda zan kwance masa ƙullin girma

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Ni ƙanwarku ce, a Agege aka haife ni, nan na tashi. Wata biyar ke nan ina rubuta wani labari don matasa, na kai babi na tara na cije.

Jarumin yaro ne ɗan shekara 16, yana dako a kasuwar Mile 12. Yayansa ɗan acaba ne, sai aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yunin 2022, aka kama babur ɗin, nauyin gida ya dawo kan yaron. Ana haka ya gano yana da wani ƙarfi da babu mai irinsa: kwandon tumatir biyar yake ɗauka kamar auduga, tsalle ɗaya ya haye saman tirela. Da dare yakan rufe fuska da rawani ya fita ceton mutane. Ya tare danfo, wato bas ɗin haya ta Legas, da burki ya tsinke mata, ya fitar da yara daga ambaliya. Gari na wayewa kuwa sai ya koma “aboki, zo ɗauki kayan nan”, babu mai tambayar sunansa. A gida ma idan manya na magana sai a ce ya tashi ya ba su wuri.

Abin da ke cin zuciyarsa a girmama shi. Ni kuma nan ne na tsaya. Idan na sa ya yaye rawanin ya ce ni ne, ina tsoron ya zama mai riya, masu karatu su tsane shi. Idan na bar shi a ɓoye har ƙarshe, ina ganin na zalunce shi, don na san zafin wannan kiran na “aboki” a jikina. Wata rana ina tsaye da mahaifina a tasha, wani yaro da bai kai jikansa ba ya daka masa tsawa da wannan kalmar. Baba bai ce komai ba, ya gyara hularsa kawai. Ranar na fara labarin nan. Don Allah ku ba ni shawara.

Anti Malama: Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata da yawa ina koyar da 'yan sakandare, kuma in gaya miki gaskiya, babu yaro ɗan 16 da ba ya son a gan shi. Kada ki wanke masa wannan kwaɗayin, shi ne ran labarin. Ki bar shi ya yi kuskure saboda shi. Misali, wata rana ya tsaya jiran taro ya cika, a ɗaga wayoyi, kafin ya kai ɗauki, jinkirin nan ya jawo wani ya ji ciwo. Daga nan mai karatu zai ga bambancin son a yaba da son a mutunta, ba sai kin yi wa'azi ba. Ɗalibaina da sun ji ƙamshin wa'azi suke rufe littafi.

Ɗan Ketu: Malama marubuciya, ni gyara zan yi miki ta ɓangaren kasuwa, don a nan nake neman abinci. Kin ce yana tashi daga gida ya zo? In a Agege kika ajiye shi, kuɗin mota kaɗai zai cinye dakon ranar. Yawancin yaran a kasuwar suke kwana ko a kusa da ita, saboda motocin gwari daga Arewa cikin dare ko da asuba suke sauka. To ki lura, lokacin da kike fitar da shi ceto shi ne lokacin sauke kaya. Kullum zai riƙa ɓacewa, uban gidansa zai ce ya zama malalaci ko ya fara shaye-shaye. Ga ki da rikici a hannu kyauta. Sannan ki zo ki ga wurin da idonki, musamman da damina, ki ga taɓo har ƙauri, ki ji warin ruɓaɓɓen tumatir da yajin attaruhu mai sa atishawa, ki ga gammo a kan yara da yadda wuyansu ke rawa. Wanda bai gani ba ba zai iya rubutawa ba.

Baban Hajara: 'Yata, ni tambayata ɗaya ce: ƙarfin nan daga ina? Turawa kan ce wani ƙwaro ne ya ciji jaruminsu ko wani sinadari ya zube masa. Mu kuma da an ce ƙarfi sai hankali ya tafi kan layar zana da maganin tauri da aljanu. In kika bi ta nan, iyaye da yawa ba za su bar littafin ya shiga gidansu ba. Ki mai da shi baiwa da Allah ya jarrabe shi da ita, kada ki yi dogon bayani.

Kan maganar bayyana kai, ki tuna Bayajidda. Cikin dare ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ya yanke kan ya tafi da shi, bai buga ganga ba. Da safe sarauniya ta tambaya, wasu suka fito suna cewa su ne, aka ce su kawo kai suka kasa. Sai da aka neme shi ya fito da shaida. Kakanninmu sun riga sun warware miki: kada ya yi shela, amma kada ya yi ƙarya in an tambaye shi.

'Yar Idi-Araba: Baba, a gafarce ni, ban yarda da wannan duka ba. Bayajidda ɗan sarki ne, ya zo a kan doki, ya auri sarauniya. Yaron nan fa? Idan sai ya tare danfo da hannu ɗaya sannan za a kira sunansa, me muka faɗa wa sauran 'yan dakon da ba su da baiwar komai? Cewa su sun cancanci raini ke nan? Ni dai 'yar uwa, abin da zai taɓa ni shi ne a samu mutum ɗaya da ya mutunta shi tun bai san komai ba. Ki sa wata tsohuwa Bayarabiya mai sayen tattasai, wadda tun babi na ɗaya take tambayarsa sunansa, take ajiye masa ruwa. Akwai irinsu da yawa a garin nan, mun zauna da su, sun goya mu. Kada ki mai da duk wanda ba Bahaushe ba mugu, ba haka Legas take ba. Kuma mu ma muna da namu laifin, sau nawa muke ce wa yaro “kai almajiri” ba mu tambayi sunansa ba?

Baban Hajara: Kin yi gaskiya 'yata, wannan ya wuce ni. Na karɓa.

Ɗan Ketu: Ƙari kaɗan: ki bar mutane su yi magana yadda suke yi. Yaron zai yi Hausa da 'yan uwansa, buroka da masu saye, ya tsinci Yarbanci kaɗan. Ranar da ya rufe fuska ya yi magana, lafazinsa zai iya tona shi.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri, wallahi har na yi hawaye. Yaya Ɗan Ketu, zan mai da shi kwana a kasuwa, kuma ranar Asabar in sha Allahu zan zo da yayana mu zaga. Tsohuwar ma na riga na ga fuskarta, akwai wata maƙwabciyarmu da ta rasu, ita zan ɗauko. Ita ce za ta gane shi ta muryarsa, ta yi shiru ba ta faɗa wa kowa ba. Abin da ban yanke ba shi ne yayansa: ya sani ko kada ya sani? Shi ne ya fi kowa ce masa yaro. Anti Malama, in na gama babi na goma zan turo miki ki karanta wa ɗalibanki, ina son jin abin da za su ce.

Anti Malama: Turo ƙanwata. Ranar Alhamis nake da su darasi biyu a jere.