Shin Lambar QR a Allon Shago Tana Jawo Ciniki?

Mai Atamfa:
Assalamu alaikum. Ina da shagon atamfa da leshi a Kantin Kwari, kuma zan sabunta allon da ke saman ƙofa saboda rana ta cinye rubutunsa. Mai buga allon ya ba ni shawarar a sanya lambar QR, wadda idan aka haska ta da kyamarar waya za ta kai mutum WhatsApp ɗina. Shin tana jawo ciniki, ko kuwa ado ce kawai?

Mai Ɗab'i:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Saman ƙofa ba wurinta ba ne. A sana'armu muna ƙiyasta cewa faɗin lambar ya kai kashi ɗaya bisa goma na nisan mai haskawa, wato wanda zai tsaya daga mita 3 yana buƙatar mai faɗin santimita 30. A cunkoson Kwari kuwa, inda ɗan dako ke tafe da dila a ka yana neman hanya, babu wanda zai tsaya ya ɗaga waya sama. Ka sa ta daidai idon mutum a gefen ƙofa, baƙa a kan farin fili, kuma kada a rufe ta da leda mai ƙyalli.

Malamin Kwamfuta:
Kamfanin Denso Wave na Japan ne ya ƙirƙiro ta a 1994 domin bibiyar kayan gyaran mota a masana'anta, shi ya sa take jure datti. Ana haɗa ta da matakan juriya daban-daban, kuma a mataki mafi ƙarfi tana karantuwa ko da kusan kashi 30 cikin ɗari ya lalace, kuma shi ya dace da ƙurar hunturu. Sai dai ka tambayi mai bugawar inda ya samo ta, domin wasu shafukan suna bayarwa kyauta na ɗan lokaci, idan ba a biya ba su rufe hanyar, allon ya zama hoto. Wadda WhatsApp Business ke bayarwa da kansa ba ta da wannan matsalar.

Hajiya Mai Mayafai:
Alhaji, na gwada a shagona, kuma amfaninta ya fi fitowa wajen baƙin da suka riga suka saya suke son ganin sabon kaya bayan sun koma garinsu. Amma da yawa daga cikin masu sari ƙaramar waya suke riƙewa, saboda haka ka rubuta lambar wayarka da manyan baƙaƙe a ƙasanta. Ka riƙa shafa ta da hannu lokaci-lokaci, domin mazambata kan liƙa tasu a kan ta mai shago.