Me za mu kira "risk factor" a ɗakin awon ciki?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina rubuta bayani ga masu cikin fari kan abin da ke sa a fara naƙuda lafiya a ƙare a ɗakin tiyata, sai kalmar "risk factor" ta tsaya mini a wuya.

2/ Galibi "dalilai" ake rubutawa, ko "musabbabi". Ni ban yarda da su ba. Dalili shi ne abin da ya faru a daren: bugun zuciyar jariri ya sauka, igiyar cibiya ta riga shi fitowa, ko bakin mahaifa ya ƙi kaiwa santimita 10 duk da an sa ruwan naƙuda. Wannan shi ya sa likita ya ce a shiga da ita.

3/ Abin da nake nema wa suna ya riga wannan daren da watanni. Yarinya ce da ƙugunta bai gama buɗewa ba, ko mace gajera da ba ta kai santimita 150 ba. Ko ta haura shekara 35 kafin cikin fari. Ƙiba, ciwon suga da ke sa jariri ya kai kilo 4, hawan jinin da kan kai ga jijjiga, cikin da ya wuce mako 41, jaririn da ya zo da ƙafa ko ya kwanta a gicciye. Da yawa masu ɗaya daga cikin waɗannan sun haihu da kansu. Kamar hadari ne ya haɗo a gabas: ba lallai ruwan ya sauka ba, amma ana kwashe shanya.

4/ Abin da ya fi damuna, in ka ce wa mace "ƙibarki ce dalili", ka ɗora mata laifi. Dama ga masu cewa wadda aka yi wa aiki raguwa ce, ga kunyar cikin fari da ke sa yarinya ta danne naƙuda ta ƙi faɗa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 na haihuwa ne kawai aka yi ta tiyata a Najeriya. Matsalarmu a Arewa jinkiri ce, kuma doguwar naƙuda ita ke kai mata asibitin Babbar Ruga a Katsina neman maganin yoyon fitsari.

5/ "Alamomin haɗari" fa? Tuni malaman asibiti ke amfani da ita kan zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, wato a taho yanzu yanzu. Kada mu cakuɗa su.

6/ Na tsaya a kan "ƙarin-haɗari". Ungozoma za ta iya cewa: "Baiwar Allah, kina da ƙarin-haɗari biyu, ki haihu inda ake da likita da jini." Ba ta yanke mata hukunci ba, ta dai nuna mata inda za ta nufa tun kafin faya ta fashe.

7/ Aikin tiyatar da aka sa wa rana kuwa, "aikin shiri". Wanda ya taso tsakiyar naƙuda, "aikin bazata", don ba kowanne ne na gaggawa ba. Ungozomomi da ke nan, musamman na Maraɗi da Damagaram, me kuke ce wa matan da ke zuwa awo?