Zan zauna da ma'aikatan jinya don bincike, me zan karanta kafin in shiga?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan zaure. Malamin da ke duba aikina na digiri na biyu ya ce in ajiye takardar tambayoyi, in je in yi wata huɗu tare da ma'aikatan jinya masu aikin dare, in ga yadda suke miƙa wa juna aiki. Wato etnografi. Izini ya fito, amma ban san ta inda zan kama ba. Ku taimaka min da abin karantawa da shawara.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Malaminki ya yi miki gata, don abin da mutum ke faɗa a takarda daban, abin da hannunsa ke yi da ƙarfe uku na dare daban. Fara da gabatarwar Argonauts of the Western Pacific na Malinowski, masanin al'adun al'umma, na 1922. Gabatarwar kaɗai ta ishe ki a yanzu. Tsakanin 1915 da 1918 ya zauna a tsibiran Trobriand da ke tekun Pasifik, ya kafa tantinsa a tsakiyar ƙauye, ya koyi harshen mutanen. Abin da ya dage a kai shi ne ƙananan abubuwan yau da kullum waɗanda ba wanda zai gaya maka su, don shi kansa bai ɗauke su labari ba. Sai ka zauna ka gani.

Hauwa: Malam ya yi gaskiya, amma Zainab asibiti za ta shiga, ina ganin Street Corner Society na William Foote Whyte, na 1943, ya fi kusa da halinta. Ya yi sama da shekara uku a unguwar 'yan asalin Italiya a Boston. Mutumin da ya shigar da shi cikin samarin unguwar, wanda ya kira Doc, shi ya ja masa kunne ya daina yawan tambayar wa da me da yaushe, ya zauna kawai, amsoshin za su zo da kansu. Ni ma na ga haka a nawa binciken. Makon farko da na fito da littafi da biro, sai hira ta mutu, kowa ya gyara zama. Da na mayar da littafin jaka na fara taya su ɗaukar kaya, ranar na fara jin ainihin maganarsu.

Zainab: Yaya Hauwa, to in ban rubuta a wurin ba, ai zan manta.

Hauwa: Rubuta kalma biyu uku a waya ko guntuwar takarda in kin keɓe: wa ya yi magana, wace kalma ya yi amfani da ita, ƙarfe nawa. Da kin koma gida, kafin ki kwanta, kafin ki ba kowa labari, ki zauna ki warware su. In kin ba da labari da baki tukuna, za ki rubuta labarin da kika gyara ne. Kuma ki raba shafi biyu. Gefe ɗaya abin da ido ya gani: "ta ajiye fayil ba ta kalle shi ba, ta fita." Ɗaya gefen abin da kike zato: "kamar tana fushi." Bayan wata biyu za ki iya gano ba fushi ba ne, haka suke yi in aiki ya yi yawa. Littafin Emerson da Fretz da Shaw, Writing Ethnographic Fieldnotes na 1995, kan wannan yake tun daga farko har ƙarshe.

Dakta Aminu: Ƙari ɗaya, ɗiyata. Ki tabbata kowa a ɗakin majiyyatan ya san ke mai bincike ce, har wanda ya zo canjin aiki daga baya, kuma kada sunan majiyyaci ya shiga rubutunki ko da a gida ne. Sannan ki san iyakar shigarki. Whyte da kansa ya amsa cewa ya biye wa abokansa har ya kaɗa ƙuri'a fiye da sau ɗaya a wani zaɓe. Ke za a iya cewa ki miƙo magani ko ki riƙe allura in an rasa hannu. Ki taimaka da tura keke ko kiran wani, amma aikin jinya ki bar wa masu shi.

Zainab: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da Whyte a makon nan, kuma zan nemi shugabar ɗakin ta gabatar da ni a kowane rukuni kafin daren farko.