Ɗibar jini kafin da bayan gwajin injin gudu: yana gano toshewar jijiyoyin zuciya?

Ɗan_Agege:
Assalamu alaikum, manyanmu. Tambayata ga likitocin zuciya ce da ma'aikatan ɗakin gwaji. A ce mutum ne mai shekara 55, mai hawan jini, ƙirjinsa na yi masa nauyi duk lokacin da ya hau bene ko gadar tsallaka titi, in ya tsaya kuma sai ya lafa. ECG ɗinsa (awon lantarkin zuciya) na hutu ya nuna kaurin bangon zuciya, don haka ko an ɗora shi a injin gudu sakamakon zai yi wuyar fassara. Idan aka ɗebi jini kafin ya hau da bayan ya sauko, aka auna tiroponin ko BNP, sinadaran da zuciya ke saki cikin jini, ba zai raba gardama ba? Hoton siti na jijiyoyin zuciya akwai tsada a Legas, mutanenmu kuma daga aljihu suke biya. In ana yi, yaushe ake ɗiba, kuma hawa nawa ake ɗauka da muhimmanci?

Likita_Surulere:
Wa alaikumus salam, Malam. Tunanin mai kyau ne, kuma an daɗe ana gwada shi, sai dai bai kai ga shiga ƙa'idar aiki ba. Ga dalili.

Tiroponin yana fitowa daga tsokar zuciya duk lokacin da ta wahala, ko da kuwa jijiyoyinta garau suke. Da na'urorin yanzu masu ganin ɗan ƙanƙanin adadi, in ka auna waɗanda suka gama gudun fanfalaki na kilomita 42, irin wanda ake yi a Legas a watan Fabrairu, da yawansu za ka tarar sun haura iyakar lafiya. Yakan kai ƙololuwa cikin awa 2 zuwa 6, ya sauko cikin kwana ɗaya zuwa uku. Tafiyar minti tara a kan inji tana ɗaga shi ne da ɗan kaɗan, kuma tana ɗaga shi a mai toshewa da marar toshewa duka. Kamar ka fito ka ga tsakar gida a jiƙe ne: ka san ruwa ya zuba, amma ba ka san sama ce ta yi ko famfo ne ya fashe ba.

Abin da masu bincike a Basel ta ƙasar Suwizalan suka gani a kan majinyata masu yawa shi ne, adadin da ke cikin jini tun mutum yana zaune ya fi bambancin kafin da bayan gudu faɗar gaskiya. Wanda nasa yake sama tun a hutu ya fi yiwuwar samun ƙarancin jini a tsokar zuciya in ya motsa. Amma ko wannan ɗin ƙari ne kawai a kan hukuncin likita, bai isa a ce wa mutum yana da toshewa ko ba shi da ita ba. Haka labarin BNP yake. Yana hawa idan bangon zuciya ya miƙe, majinyacinka kuma hawan jini ya riga ya kaurara bangon, to me hawan zai shaida maka?

Inda tiroponin yake da aiki na gaske shi ne kafin a kunna injin. Idan ciwon ƙirjin sabo ne, ko yana ƙaruwa, ko ya fara zuwa mutum yana kwance, a ɗebi jini a maimaita bayan awa 1 zuwa 3. In yana hawa, wannan ba mai hawa inji ba ne, mai kwanciya asibiti ne. Ba a gwajin motsa jiki cikin kwana biyu da samun bugun zuciya, wato mutuwar wani ɓangaren tsokarta, ba a kuma yi wa wanda ciwonsa bai zauna ba.

Shi wannan da ka kwatanta, kuɗin tiroponin sau biyu ko uku gara a tara su a yi masa hoton eko, wato sikanin na zuciya, kafin gudu da kuma nan take bayan ya sauko, a ga ko wani ɓangaren bango ya rage motsi, ko kuma a yi hoton sitin. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila tun 2016 ta sa siti a gaba ga irin wannan ciwon ƙirji. A tura shi sashen zuciya na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja su zaɓa masa.

Hajiya_Lab:
Likita ta gama magana ta ɓangarensu. Bari in ƙara ta namu, don ko bincike mutum zai yi, yawancin ɓarnar tana faruwa ne kafin jinin ya shiga na'ura.

Na farko, tiroponin ba ɗaya ba ne. Na kamfanin Roche nau'in T ne, iyakarsa nanogiram 14 a lita. Na Abbott nau'in I ne, iyakarsa 26, in an raba kuma 16 ga mata, 34 ga maza. Ba a ɗaukar sakamakon wannan a gwama da na wancan. Jinin kafin gudu da na bayan gudu dole su shiga na'ura ɗaya, zai fi kyau ma a zubi ɗaya. Ɗan katin nan mai nuna layi ɗaya ko biyu kuwa a manta da shi a wannan aiki, ba ya ganin ƙaramin adadi sam. Ko babbar na'urar Roche, a wajen nanogiram 13 kuskurenta ya kai kashi 10 cikin 100, ƙasa da haka ya fi. Wanda ya tashi daga 7 ya koma 8, ba za ka iya rantsuwa cewa zuciyarsa ce ta canja ba.

Lokacin ɗiba ma matsala ne. Wanda aka ɗiba minti biyar da saukowa bai ga komai ba tukuna, sai an jira awa 3 zuwa 4. Sannan gudu yana rage ruwan jini na ɗan lokaci, komai ya ɗan yi kauri a awo.

Fashewar jajayen ƙwayoyin jini ita ce babbar abokiyar gabarmu. Ɗaure hannu ya daɗe, zuƙo jini da ƙarfi ta kanula, tura shi cikin kwalba ta bakin allura, ko a ba ɗan acaɓa ya ratsa gosulo da shi daga Agege zuwa tsibiri cikin rana ba a raba ruwan jinin ba. Wannan yana saukar da tiroponin T na ƙarya. A juya jinin a raba shi a wurin da aka ɗiba, sannan a aika a sanyaye. A kuma tambayi majinyaci, musamman mata, ko suna shan bayotin na gyaran gashi da farce, domin mai yawa yana iya saukar da sakamako a wasu na'urori. Hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017.

BNP yana son kwalbar roba mai murfin shunayya, kuma ba ya jure jira. Ɗan uwansa NT-proBNP ya fi shi haƙuri, shi ya fi dacewa da inda wuta ke zuwa tana tafiya. Tsufa da ciwon ƙoda suna ɗaga su, ƙiba tana saukar da su. Kullum a haɗa da kiriyatinin, awon aikin ƙoda, don mai ciwon ƙoda tiroponin ɗinsa ma a sama yake zaune.

Ɗan_Agege:
Allah Ya saka da alheri. Hajiya, albumin ɗin nan na cikin jini da aka ce ƙarancin jini a tsokar zuciya yana sauya shi cikin mintuna fa? Shi ai ba ya jiran tsoka ta mutu.

Hajiya_Lab:
A takarda haka ne, FDA ma ta amince da gwajin a 2003. Amma ana auna shi ne da yadda albumin ke kama sinadarin kobal, laktet ɗin da tsokar ƙafa ke zubarwa lokacin gudu kuma yana rikita awon, har a ga ya sauka maimakon ya hau. Sauran sinadaran zuciya da ake aunawa, CK-MB da H-FABP, su ma akwai su a tsokar jiki. Ɗan dako a Mile 12 da ya wuni yana sauke buhun albasa, CK ɗinsa a sama za ka same shi lafiyarsa ƙalau.

Baba_Obalende:
Ban ƙi ta Likita ba, amma kada a raina injin da kansa. Inda siti bai samu ba, gwajin da aka yi daidai yana ba da abin da ya fi kwalbar jini amfani. Tsarin Bruce na 1963 ake bi: matakin farko kilomita 2.7 a awa da hawan tudu na kashi 10, na biyu 4.0 da kashi 12, na uku 5.5 da kashi 14, kowanne minti 3. Ana son saurin bugawar zuciya ya kai kashi 85 na 220 a cire shekaru, ga mai 55 ke nan wajen 140 a minti. Wanda ya tsaya a 115 saboda ya sha atenolol, maganin da ke rage saurin zuciya, da safe, ko gwiwa ta hana shi, gwajinsa bai kammala ba, kada a rubuta masa lafiya lau. Dakatar da irin wannan magani na kwana ɗaya zuwa biyu sai da izinin likitansa.

Saukar layin ST a takardar ECG da milimita 1 ita ake nema, kuma gaskiya ne kaurin bango da maganin zuciya digoksin suna kawo ta ƙarya. Amma minti nawa ya jure, ko ciwon ya taso, da yadda awon hawan jininsa ya yi, duk suna nan a karanta. Lissafin Duke: mintunan da ya yi, a cire saukar ST sau 5, a cire makin ciwo sau 4 (0 in babu ciwo, 1 in bai tsayar da shi ba, 2 in ya tsayar da shi). Minti 7 da milimita 1 da ciwon da bai tsayar da shi ba ya ba da −2, matsakaicin haɗari ke nan, sai a wuce zuwa hoto. Daga 5 zuwa sama haɗari kaɗan ne, daga −11 zuwa ƙasa kuwa a yi maganar anjiyogiram, hoton da ake zura siririn bututu zuwa jijiyoyin zuciya. In awon sama na hawan jini ya faɗi fiye da 10 tare da ciwo ko jiri, ko ya haura 250, a kashe inji. Na'urar farfaɗo da zuciya ta kasance a ɗakin da cajinta.

Jinin da zan nema wa mutumin nan kafin komai shi ne yawan jini, suga, kitse da kiriyatinin. Ƙarancin jini a jiki kaɗai yana iya kawo nauyin ƙirji a kan bene, kuma kiriyatinin ɗin za a buƙace shi kafin a yi masa allurar hoton siti.