Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake

Ɗan Zazzau: An kawo wannan karin magana a wa'azi kan masu habaici. To ya batun Dante, mawaƙin Italiya? A waƙa ta 3 ta sashen Jahannama na littafinsa Divine Comedy ya ce ya hango wani ya gane shi, wanda ya yi babban ƙi saboda ragwanta. Bai kama suna ba, yau shekara 700 ana jayayya. Wannan ma zagin kasuwa ne?

Mai Alli: Shi ne kuwa, kuma 'yan kasuwar sun gane. Fafaroma Selestin na 5 ake nufi, tsohon da ke halwa a dutsen Morrone. An zaɓe shi a Yulin 1294, ya ajiye muƙami ran 13 ga Disamba. Bonifas na 8 ya gaje shi, ya tsare shi a ganuwar Fumone har ya rasu a 1296. Shi kuwa Bonifas, Dante na ganin da hannunsa a korar da aka yi masa daga garinsu Florence a 1302. Ga dalilin haushin.

Baƙatsiniya: Da gyara. A 1313 coci ta sa Selestin cikin waliyyai, sai masu sharhi suka ji nauyin barinsa a wuta. Wasu suka ce Isuwa ne na Littafi Mai Tsarki da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari kan kwanon fate, wasu daga baya suka ce Bilatus ne, gwamnan da ya miƙa Yesu a gicciye shi.

Mai Alli: A ina Dante ya taɓa ganin fuskar Isuwa har zai gane shi ba wanda ya nuna masa?

Yar Maraɗi: Kakata kan ba da labarin wata mai waƙar niƙa da ke yi wa kishiya habaici kullum. Kishiyar ta yi kunnen uwar shegu. Sai maƙwabciya ta shigo da taɓarya tana cewa da ita ake, har ta tona satar kazar da ba a tuhume ta da ita ba. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Baƙatsiniya: Ni dai ban ɗauke shi habaici ba. Mutanen wurin da Dante ya hango shi ba su bi gaskiya ba, ba su bi ƙarya ba, suna gudu tsirara bayan wata tuta, zanzaro na harbinsu. Jagoran Dante a waƙar ya ce masa kada a yi zancensu, ya duba ya wuce. Hana su suna yana cikin hukuncin.

Ɗan Zazzau: Selestin ya sauka a wata 5 an ce rago. Namu da ko sun gaza sai dai a ɓamɓare su daga kujera fa, wane suna za a ba su?